Rediyon Tauraron Ɗan Adam a Mota da Gida: Tambayoyin da 'Yan'uwa Suka Fi Yi Mini

Tun da na fara tuƙin dogon zango a Amurka, mutane iri biyu ne suke yawan tambaya ta kan wannan rediyo. Akwai sabbin zuwa, waɗanda suka sayi mota aka ce musu an haɗa musu da rediyon tauraron ɗan Adam kyauta na wata uku, suna son sanin ko su ci gaba da biya in wa'adin ya cika. Akwai kuma mutanen gida, a Kano ko Maraɗi ko Kumasi, da suka sayi mota 'yar Kwatano suka ga wani maɓalli an rubuta SAT ko SXM, sun danna har sun gaji bai ce komai ba. Ga amsoshin a wuri guda.

Wai mene ne bambancinsa da FM ɗin da muka sani?

Tashar FM tana da turke a ƙasa, kuma muryarta ba ta wuce inda turken yake hange. Duk wanda ya taɓa tasowa daga Kano zuwa Kaduna ya san wurin da tashar garinsu take fara shashshaka, ta riƙa zuwa tana ɗaukewa, har ta ɓace. Rediyon tauraron ɗan Adam kuwa turkensa yana sama, wajen kilomita 35,786 daga doron ƙasa, daidai saitin tsakiyar duniya. A wannan nisan tauraron yana zagaye tare da duniya, don haka kullum a wuri ɗaya yake ga mai kallo daga ƙasa. Ana harba masa shirye-shirye daga ɗakin watsawa, shi kuma ya feso su kan nahiya guda. Shi ya sa direba zai kama tasha a New York, ya bi babbar hanyar I-80 har San Francisco, tafiyar da ta haura kilomita 4,600, bai taɓa maɓalli ba.

Zangon da ake amfani da shi yana tsakanin megahaz 2,320 da 2,345, nesa ƙwarai da na FM da ke tsakanin 88 da 108. Saboda haka akwatin rediyo na yau da kullum ba ya kama shi, sai na musamman mai eriyarsa daban. Bambanci na biyu shi ne kuɗi. FM kyauta ne, wannan kuwa biyan wata-wata ake yi, kuma ranar da aka daina biya ana rufe na'urar daga can.

Kamfanoni nawa ne, wanne ya fi?

Yau ɗaya ne tak, SiriusXM. Da can biyu ne. Hukumar sadarwa ta Amurka, FCC, ta yi gwanjon lasisi biyu a 1997. XM ya fara watsa shiri a watan Satumba na 2001 da taurari biyu da ya raɗa wa suna Rock da Roll, Sirius ya biyo baya a Fabrairun 2002. Suka shiga gasa mai cin kuɗi, kowa yana farautar manyan masu gabatar da shiri da haƙƙin watsa wasanni, har Sirius ya ɗauko Howard Stern a farkon 2006. Asara ta yi musu yawa, suka haɗe a watan Yulin 2008. A Kanada ma haka aka yi a 2011. Yanzu masu biya sun haura miliyan 30.

Ke nan ba zaɓin kamfani ne a gabanka ba. Abin da za ka zaɓa uku ne: za ka biya ko ba za ka biya ba, wane tsari, da wace na'ura.

Malam, na sayi mota 'yar Amurka a Kano, akwai maɓallin SAT. Wane riwaya ne zai iya kunna mini shi?

Babu, kuma don Allah kada ka bari a kwance maka dashbod a kan wannan. Ba lalacewa ya yi ba, ba kuma wata lamba ce ake sakawa ta buɗe ba. Taurarin kamfanin suna tsaye ne a saitin digiri 85 da digiri 115 yamma, wato can saman nahiyar Amurka. Kano tana wajen digiri 8 da rabi gabas. Tazarar ta haura digiri 93, alhali irin wannan tauraron ba a hango shi daga ƙasa in tazarar ta wuce kimanin digiri 81. Ma'ana, daga Kano tauraron yana bayan ƙwallon duniya, kamar ranar da ta riga ta faɗi. Haka abin yake a Yamai, haka yake a Accra. Ko da za a kawo maka eriya mai girman rumfa, ba abin da za ta gani. In wani ya ce kawo kaza zai buɗe maka, riƙe kuɗinka.

Wani abu da ya fi wannan muhimmanci ga mai motar Amurka a gida shi ne FM ɗin kansa. Rediyon da aka ƙera don kasuwar Amurka yana tsalle ne biyu-biyu a kan lambobin mara: 99.1, 99.3, 99.5, haka. Tasha irin Freedom Radio ta Kano da ke kan 99.5 za ta kamu tsaf. Amma in tashar garinku tana kan lamba irin 96.2 ko 100.4, rediyon zai tsallake ta, ko ya kama gefenta da shashshaka. Wasu motocin ana iya sauya musu yanki a cikin saiti, wasu kuwa sai dai a canza rediyon gaba ɗaya. Wannan shi ne aikin da ya cancanci a kai wa riwaya.

To me ya hana a yi irinsa a Afirka?

An yi, har ma Afirka ce ta riga Amurka. Noah Samara, haifaffen Habasha, ya kafa kamfanin WorldSpace a 1990 da burin kai labarai da ilimi ƙauyukan da FM ba ya kaiwa. An harba tauraronsa AfriStar a watan Oktoba na 1998, ya tsaya a digiri 21 gabas, aka fara watsa shiri a 1999, shekara biyu kafin XM. Kamfanonin Japan irin su Hitachi da JVC da Panasonic da Sanyo suka ƙera akwatunan farko, masu 'yar faffaɗar eriya da ake juyawa ta kalli sama.

Tunanin mai kyau ne, kuma har yau ina jin takaicin yadda ya ƙare. Akwatin ya yi wa talaka tsada, daga baya kuma aka ɗora kuɗin wata a kai, ga mutumin da ƙaramar rediyonsa mai batir biyu take kawo masa duniya kyauta a gajeren zango. A daidai wannan lokacin ne kuma tashoshin FM masu zaman kansu suka yi ta buɗewa a biranenmu, suna magana da harshen mutane kan matsalolin unguwarsu. WorldSpace ya bayyana karyewa a watan Oktoba na 2008. In ka ci karo da tsohon akwatinsa a kasuwa, tarihi ne kawai.

Ni a Amurka nake. Ya cancanci in biya?

Ka duba inda ƙafafun motarka suke wuni. In direban tirela ne kai, ko aikinka yana kai ka jiha-jiha, amsata e ce ba tare da dogon tunani ba. Akwai wurare a Wyoming da Nevada da yammacin Texas da za ka yi tafiya mai tsawo sabis ɗin waya yana zuwa yana ɗaukewa, FM kuma in ka samu ma tasha ɗaya ce ko biyu. Na taɓa ratsa Nebraska da tsakar dare a cikin hunturu, gilashi yana haɗa ƙanƙara ta gefe, ba hasken gari ko ɗaya a gaba, waya ta daɗe da yin shiru a aljihu. Muryar mai karanta labarai ce kawai a cikin motar, tana fita garau. A irin wannan daren murya abokiyar tafiya ce, kuma tana korar gyangyaɗi. Direbobin manyan motoci ma suna da tasharsu ta kansu, Road Dog Trucking, inda ake tattauna hanya da dokokin sana'ar.

Amma in tuƙinka na cikin gari ne, a Bronx ko Chicago ko Houston, daga gida zuwa wurin aiki ko ɗaukar fasinja, gaskiya ba ka buƙatarsa. Sabis bai ɗaukewa, FM ya cika gari, wayarka kuma tana iya kawo maka duk abin da kake so ta sifikun motar. Da yawa daga cikinmu akwai masu jiran abin da za mu aika gida ƙarshen wata. Kuɗin wata na dala ashirin da wani abu sau goma sha biyu ba ƙaramin kuɗi ba ne in aka juya shi zuwa naira ko sefa.

Akwai tashar Hausa a ciki?

Babu. Tashoshin sun haura 150, amma na Turanci ne akasari, sai na Sifaniyanci da wasu na Faransanci daga Kanada. Akwai kiɗa kala-kala ba talla, akwai labarai irin na CNN da Fox News da BBC na Turanci, akwai sharhin wasannin Amurka kai tsaye, da tashar ƙwallon ƙafa mai suna SiriusXM FC. In abin da ranka yake so shi ne labaran gida da Hausa, ko tafsiri da karatun Alƙur'ani, ta intanet za ka same su. Abin da nake yi shi ne in sauke su a waya tun ina gida kafin in kama hanya.

Wace na'ura zan saya don mota?

Kafin ka sayi komai, duba ko motarka tana da shi tun daga kamfani. Yawancin motocin da aka sayar a Amurka a shekarun nan suna zuwa da shi. Nemi maɓallin SAT ko SXM ko XM, ko ka duba a allon motar. In yana nan, ka huta. Juya zuwa tasha ta 0, lambar shaidar rediyon za ta fito, ita za ka ba kamfani su buɗe maka. Wannan shi ne mafi tsafta: eriya tana cikin ɗan tudun nan mai kama da ƙayar kifi a rufin mota, babu waya a fili, kuma ana sarrafa shi daga sitiyari. Sababbin motoci da dama suna da wani tsari mai suna 360L, wanda ya haɗa tauraro da intanet wuri guda, ya kawo ƙarin tashoshi da shirye-shiryen da ake saurare a lokacin da aka ga dama.

In motar ba ta da shi, amma ka riga ka sa mata sabon rediyo na Pioneer ko Kenwood ko Alpine ko Sony, duba ko yana ɗauke da tambarin SiriusXM-Ready. In yana da shi, ɗan akwati ne kawai za ka ƙara, SXV300, wanda ake jonawa ta baya a ɓoye shi cikin dashbod.

Hanya ta uku ita ce na'urar cire-ka-maida, irin su Onyx EZR da Roady BT da Tour. Girmanta bai wuce tafin hannu ba, tana zama a kan wata 'yar kujera da ake maƙalawa a dashbod, tana shan wuta daga ramin kunna sigari. Ita nake ba direban da ke canza mota shawara, musamman mai tuƙa tirelar kamfani, domin ranar da aka sauya maka mota sai ka zare abarka ka tafi. Abin lura a nan shi ne yadda sautin zai shiga sifiku. Wayar AUX ta fi kowace hanya kyau. Bluetooth na biye mata, in na'urar tana da shi. Ta ƙarshe ita ce wadda na'urar take watsa sautin a kan wata lambar FM da ba kowa, kai kuma ka kamo a rediyon motar. A daji tana aiki lafiya, amma da ka shiga babban birni sai wata tasha ta hau kan lambar, ka koma neman wata kana tuƙi. In motarka ba ta da AUX, gara ka biya mai gyara ya sa maka ɗan adaftan da ke shiga kai tsaye ta wayar eriyar FM.

Na saya na haɗa, amma yana yawan ɗaukewa. Mene ne matsalar?

Sau da yawa eriya ce. 'Yar ƙarama ce, baƙa, ba ta fi akwatin ashana ba, da maganaɗisu a gindinta. Mutane suna ƙyuyar jan waya sai su ajiye ta a kan dashbod a cikin mota, rufin ƙarfe kuma ya tare mata rabin sama. Wurinta a waje ne, a kan rufi, sama da gilashin gaba ko na baya, nesa da ƙarafan ɗaukar kaya. Sai a tura siririyar wayar da yatsa a ƙarƙashin robar gefen gilashi, a bi da ita a hankali ta shigo ciki, a kiyaye kada ƙofa ta riƙa datse ta. Waya ɗaya da ta tsinke ta ciki ta isa ta kashe komai. Masu tirela suna da tasu eriyar mai tsayi da ake ɗaurewa a ƙarfen madubi.

In eriya tana daidai, to akwai ɗaukewar da ba makawa. Siginar tana son sarari. Ƙaramar gada ba ta yanke ta, domin na'urar tana ajiye sauti na 'yan daƙiƙoƙi, amma doguwar hanyar ƙarƙashin ƙasa, ko garejin ƙasa, ko gindin dutse mai tsayi da ya tare maka kudu, duk suna yanke ta. A manyan birane kamfanin ya kafa turaku a ƙasa masu maimaita siginar saboda dogayen benaye. In kuwa kana samun tashar gwaji kaɗai, wato wadda take buɗe ko ba a biya ba, sauran sun ɓace alhali ka biya, fito da motar fili ka nemi a sake turo maka siginar buɗewa ta shafinsu.

Ni a gida nake son saurare, ina ɗakin girki ko ina ɗinki. Sai na sayi na'ura?

Hajiya, in akwai intanet a gidan, ba sai kin saya ba. Manhajar kamfanin tana aiki a waya da kwamfuta da talabijin na zamani da sifiku irin su Amazon Echo da Sonos, kuma yawancin tsare-tsaren mota suna zuwa da ita. In maigida yana biyan na motarsa, ki tambaye shi, mai yiwuwa kina da damar saurare tuntuni ba ku sani ba. Akwai kuma tsarin manhaja zalla, wanda ya fi na mota araha.

Na'urar gida ta gaske tana da amfani ne a inda intanet ba shi da ƙarfi, kamar gidan gona ko ƙauye. A nan sai a sayi kujerar gida ta na'urar cire-ka-maida, da eriyarta da ake buɗewa kamar littafi. A ajiye ta a tagar da ke kallon kudu, domin daga Amurka da Kanada taurarin ta kudu suke. In tagoginki duk arewa suke kallo, ko wani bene ya tsaya a gaba, za ki sha wahala, sai dai a fitar da eriyar waje. Alfanun wannan tsari shi ne kuɗin wata ɗaya ne: na'ura guda ce take kwana a falo ta wuni a mota.

Na ga ta hannu da araha, in saya?

Ka duba tambarin. In an rubuta Sirius kaɗai, tsohuwa ce daga zamanin da kamfanonin suke rabe, kuma ba duk tashoshi take kamawa ba. Nemi mai tambarin SiriusXM. Ka tabbata eriya da kujera da wayar wuta suna ciki, don sayen su ɗai-ɗai yana iya cinye arahar. In mai sayarwa ya ce na'urar tana da biyan har abada a kanta, kada ka ƙara ko sisi saboda wannan magana sai ka karɓi lambar shaidarta ka tabbatar daga kamfani.

Yaya maganar kuɗi take? Na ji ana kuka da ita.

A nan ne ake son natsuwa. Na'urar ba ta da tsada, kuɗin wata ne yake taruwa. Cikakken tsarin mota ya haura dala 20 a wata, na manhaja zalla kuma wajen dala 10, sannan sunayen tsare-tsaren da farashinsu suna canzawa, don haka ka duba na ranar da za ka shiga. Sabon shiga yakan samu garabasa, 'yan daloli a wata na wani lokaci. Abin da mutane ba sa karantawa shi ne ranar da garabasar ta ƙare, biyan yana sabunta kansa a kan cikakken farashi, a cire daga katin da ka bayar. Tambayi jimillar abin da za a cira har da haraji da duk wani ƙari. Rubuta ranar ƙarewar a kalandar wayarka, ka sa ta tuna maka mako guda kafin lokacin.

Batun fita ma ya taɓa kaiwa kotu. A watan Disamba na 2023 babbar lauyar jihar New York, Letitia James, ta kai kamfanin ƙara kan wahalar da masu son soke rajista suke sha, kuma a Nuwamban 2024 alƙali ya yanke cewa tsarin sokewar ya saɓa wa dokar tarayya. Kai dai in ka soke, karɓi shaida a rubuce ka adana.

Kowace na'ura da rajistarta, mota biyu biya biyu ne, ko da yake akan yi ragi a ta biyun. In ka sayar da mota, ko za ka loda ta a jirgi zuwa Kwatano ko Legas, ka soke ko ka mayar da rajistar kan sabuwar motarka tun kafin ta bar hannunka.

Sautinsa ya fi na FM kyau?

Ya fi shi tsafta, babu shashshaka, amma bai kai faifan CD ba. Tashoshi masu yawa ne suke raba zango ɗan kaɗan, sai an matse kowace. Mai kunnen kiɗa zai ji bambancin a falo. A cikin mota mai gudu, da ƙarar taya da iska, da wuya ka lura.

Mu da muke gida Najeriya ko Nijar, babu wata hanyar jin rediyo ta tauraro ke nan?

A cikin gida akwai, kuma wataƙila tana falonka yanzu haka. Dish ɗin da kake kallon talabijin da shi yana ɗauke da tashoshin rediyo. Ɗauki rimot ɗin dikodarka, irin su Strong da makamantansu, ka nemi maɓallin da ke sauyawa tsakanin talabijin da rediyo. Jerin tashoshin murya zalla zai fito, gwargwadon tauraron da aka saita maka. Masu Nilesat ko Arabsat sukan tarar da tashoshin Larabci da yawa, har da na karatun Alƙur'ani. DStv ma yana da nasa tashoshin murya. In ka jona dikodar da sifika, ba sai ka kunna talabijin ba, wanda hakan sauƙi ne ga mai amfani da sola ko ƙaramin inji. Hadari mai ƙarfi yana ɗauke shi kamar yadda yake ɗauke hoto.

A mota kuwa wannan ba ya yiwuwa, domin dish yana son a saita shi cak a kan tauraro, motsi kaɗan ya ɓata shi. Direban da ke bin hanyar Kano zuwa Maiduguri ko Zinder zuwa Agadez abubuwa uku ne a hannunsa: FM a kusa da garuruwa, gajeren zango in ya yi nisa, da waya. In za ka saurari tasha ta intanet, ka san lissafin data. Tashar da ke watsawa a kan kilobit 64 tana cin kusan megabait 29 a awa guda, wato gigabait ɗaya zai ba ka sama da awa 30. Inda ka san sabis yana ɗaukewa, sauke shirye-shiryen tun kana gari, ka sa su a waya ko a filashi, ka jona da rediyon motar ta USB ko AUX.